Saƙon Goggo Rediyo

Goggo Rediyo mace ce mai kirki, ba ta iya cin abinci maƙwabci na jin yunwa. Aibinta ɗaya ne: labari ba ya kwana a bakinta. Tun kafin ta gama gani ta fara faɗa.

A lokacin annoba, bayan an rufe kasuwa, ta fita sayen magani, ta bi ta gaban ƙaramin bankin unguwa, inda ɗanta na fari yake aikin biyan kuɗi. Sai ta ga an hana shiga, wasu mutane cikin fararen kaya suna fito da kujeru waje. Feshin magani za su yi, don wani ma'aikaci ya kamu. Goggo ba ta tsaya tambaya ba. Ta janye takunkumi, ta danna waya, ta aika wa matan layinsu saƙon murya:

"Jama'a, ni dai ban ce komai ba, amma da idona na ga ana kwashe kayan banki. Kowa ya yi ta kansa!"

Saƙon ya riga ta isa gida. Matar tela ta tura wa mai shago, mai shago ya ƙara gishiri. Da yamma ƙawarta ta bugo: "Ke, kin ji manajan banki ya gudu?"

"Kin gani ko!" in ji Goggo. "Ashe ba ni kaɗai na lura ba."

Washegari layin masu cire kuɗi a bankin ya kai bakin titi. Mutanen da tsoron cuta ya hana musabaha, ga su suna turereniya. Ɗan Goggo ya fito yana roƙo: "Iyayena, kuɗinku na nan, yana hannun 'yan kasuwar da muka ba rance. Ku bari a buɗe kasuwa." Babu mai saurare. Har masu ajiya a wasu bankunan suka tsorata, suka fara kwashe nasu. Ba a jima ba aka sa wa ƙofar kwaɗo, aka sallami ma'aikata.

Ranar ɗan Goggo ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ko takalmi bai cire ba. Goggo ta shigo masa da ruwa tana huci.

"Babana, wai wane marar imani ne ya fara wannan magana?"

Ya ɗauko waya ya kunna. Muryarta ta cika ɗakin, har da ɗan tarin da take yi kafin magana. Ya karɓi kofin ruwan, ya riƙe hannunta.

"Na san tausayinsu kika ji, Umma. Amma da kin kira ni."

Darasi: banki da amanar jama'a yake tsaye, kuma a lokacin tsoro magana ta fi cuta saurin yaɗuwa. Kafin ka tura abin da ka gani, tambayi wanda ya sani. Wanda maganar za ta kayar yana iya zama naka.