Sunan Jikar Yelwa

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, yau shari'a na kawo muku. Ke mai dariyar can, ke zan fara tambaya.

A unguwarmu akwai Yelwa mai waina, mace mai fara'a, amma kunya kamar ta kashe ta. 'Yarta ta fari, Tasalla, tela ce. Kun dai san al'ada: Yelwa ba ta taɓa kama sunanta ba, sai "ke yarinyar nan," alhali yarinyar ta haifi uku. Gab da Sallah Tasalla ta zo auna ta. Tana zagaya tef, yatsanta ya ci karo da ƙullutu a nonon hagu, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Yelwa ta janye jiki, ta ce wata biyu ke nan, ba ya ciwo, a bar maganar. Da wata ce da ta sunkuyar da kai. Tasalla kuwa ta dubi tsabar idon uwarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Inna, rashin ciwon nan shi ya fi ba ni tsoro. Ki yafe mini, yau ba kunya tsakaninmu." Yelwa ta yi fushi, kwana uku ba ta amsa gaisuwarta ba, asibiti kuwa ta ce ko da igiya.

Sai Tasalla ta kai ƙara wurin Kuluwa, taubashiyar Yelwa, mai baki kamar reza. Kuluwa ba ta yi wa'azi ba. Da sassafe ta faɗo gidan tana dafe da ƙirji: "Wayyo baiwata, zan je a duba mini nono, tsoro nake ji, tashi ki raka uwar gijiyarki!" Yelwa ta sauke tanda ta ja mayafi, tana yi mata tsiya har bakin asibiti. Ku sani fa, tsoron Kuluwa na gaske ne, matar da ganin allura ke sumar da ita. Haka ta runtse ido aka duba ta tsaf, ta fito tana gumi ta ce, "To, raguwa ta yi, saura jaruma." Ina Yelwa za ta yarda taubashiya ta fi ta! Ta shiga. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi ɗan abin aka gwada. Sankara ce, amma likita ta ce an kama ta da wuri, sai a yi aiki.

Daga jin aiki Yelwa ta gudu gida ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. An gaya mata wai in ƙarfe ya taɓa ciwon, bazuwa yake yi. Ranar aiki na matsowa, kukan Tasalla bai motsa ta ba, tsiyar Kuluwa ma ta ƙare. Sai ga Malama Hansai, maƙwabciyarta mai karantar da matan aure, wadda ba ta shiga sabgar kowa. Ta tura ƙofa, ta mayar ta rufe, ta cire hijabi, ta zame riga. Ɓangare ɗaya babu komai sai tabo. Shekara goma sha ɗaya, daga ita sai mijinta suka sani. Ta ce, "Taɓa, Yelwa. Ƙarfe ya taɓa ni, ga ni kuma ina karantar da ke." Yelwa ta kai hannu ta taɓa tabon, ta fashe da kuka. Wallahi ko ni da nake ba ku labari, wurin nan yana sa ni ƙwalla.

Aka yi aiki, ta sha magunguna na watanni, ta rame ta murmure, ta koma kan tandarta.

Bana matar ɗanta Ɗayyabu ta haifi mace. Ya zo da murna zai sa sunan uwarsa, Yelwa ta ce a'a. "Da ta ni ce, da ban ga jikar nan ba. Ka yi wa wadda ta tsamo ni takwara." Ya ce, "Wacce daga ciki, Inna?"

Jaririya ɗaya ce, gobe suna, ga rago a ɗaure, ga liman na jiran a raɗa masa. To, ku faɗa wa bawan Allahn nan: Tasalla, Kuluwa ko Hansai, wa za a yi wa takwara?