Gwanin da Ya Yi Ƙarya da Hannu

An yi wani mutum a nan Dahab, mai nutso, gwani na gaske. Ba zan faɗi sunansa ba, don surukansa na cikin sahun nan. Allah ya ba shi huhu kamar salka. Kowa ya fito daga teku da tukunyar iska wayam, shi tasa da saura. To, nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Ba a zaman shayin da ba zai ɗaga agogon iskarsa ya nuna wa jama'a ba, yana cewa abokan aikinsa haki suke kamar raƙuma.

Ya 'yan uwa, kun san ƙa'idar shiga kogon ƙarƙashin teku. Iska kashi uku ce: ta shiga, ta fita, da ta ɗan uwanka. Ana ɗaure zare tun daga bakin kogon, don a gane hanyar fita. Ana shiga ne ruwa na turo ka baya, don in ka gaji ya rako ka waje. A ƙasa kuma babu magana, hannu ke tambaya, hannu ke amsawa.

Wata rana suka shirya shiga wani kogo da ɗan baffansa Ayid. Ayid ya duba ruwa ya ce yau ciki yake ja, a dakata sai ya juya.

"Ɗan baffa, in tsoro kake ji, ga tabarma ga buta," in ji mutumin. "Zauna ka dafa mana shayi."

Ayid ya bi shi, don ba a barin mutum ya shiga kogo shi kaɗai.

Shiga kam sai daɗi, ruwa ya kwashe su kyauta. Da suka juyo aka ga aiki. Ayid ya kwanta kusa da ƙasa, yana kama dutse yana jan jiki a hankali, zare a tsakanin yatsunsa. Mutuminku ya ga rarrafe ba girmansa ba ne. Ya tsaya a tsakiyar ruwa yana harbin ƙafa, yana zuƙar iska kamar mai shan romo. Ayid ya tambaye shi da hannu, ya amsa lafiya lau. Ya sake tambaya, allurar agogon iska ta shiga jan layi, sai mutumin ya rufe agogon da tafinsa ya ce lafiya. Wa yake yaudara? Ruwa?

Suna hango hasken bakin kogon, mutumin ya zuƙa ya ji babu iska. Ayid ya miƙa masa tiyon iskarsa na biyu. Amma tsoro ya riga ya gama da shi. Ya shaƙa, ya saki, ya harba sama a guje, babu tsayawar nan da ake yi a hanya don jini ya daidaita.

Ya rayu, alhamdu lillahi, amma da sanda ya fito daga asibiti. Likita ya ce shi da nutso sun rabu har abada.

Ni abin da ke ba ni takaici, jama'a, iskar da za ta cece shi tana bayan Ayid tun farko, an ware masa ita. Hannu kawai zai ɗaga ya ce ya gaza, girman kai ya riƙe hannun. Mu nawa ne a nan muke cewa lafiya lau, alhali allura na cikin ja, ɗan uwa na gefe yana jira a tambaye shi?

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, a tudu da cikin ruwa. Amin.