Bututun da Ya Bi Ƙarƙashin Murhun Mma Barikisu

Akwai wata mata a unguwar Maamobi, wajen 1987, ana kiranta Mma Barikisu mai waakye, wato shinkafa da wake. Masu cewa ni admin ƙirƙirar labari nake yi, na ji ku, Allah ya isa. Ni da na ci waakyen nan da hannuna!

Shekara ashirin murhunta na bakin lungu ɗaya. Rannan aka zo kai ruwan famfo gidajen baya. Ɗan kwangila Alidu ya ja layi da farar ƙasa, layin ya ratsa tsakiyar murhun.

"Mma, kwashe tukwanenki. Za mu fasa nan, rami zai yi wata guda a buɗe."

"Wata guda? Masu sayena su koma unguwar Nima ke nan. Ɗana, ba inda za ni."

Sai Jalilu mai gyaran famfo ya sa baki: "Maigida, ba sai an fasa ba. Rami ɗaya can, ɗaya nan. Mu sa wa bututun ƙarfe kai mai tsini, mu buga da guduma ya bi ta ƙasa."

Alidu ya kwashe da dariya. "Kana da ido a cikin ƙasa ne? Zuwa la'asar in bai fito ba, diga za ta yi aiki."

Aka fara bugu. Mma ta tuɓe silifas, ta dafa ƙasa da tafin ƙafa, tana ci gaba da zuba wa mutane shito, yajin nan da ake ci da waakye.

Can ta ɗaga ludayi. "Jalilu, tsaya! Abinka ya karkata. Ina jin sa ƙarƙashin ƙafata ta hagu, kwata ya nufa."

"Ji injiniya!" in ji Alidu. "Mma, a wace makaranta?"

"A nan inda kake tsaye. In babbar mota ta wuce titi, kafin ka ji ƙararta ƙafata ta sani."

Jalilu bai yi gardama ba. Ya zaro bututun, ya gyara saiti, ya sake bugawa. Sau biyu tana tsayar da shi, sau biyu yana gyarawa. Alidu ya sa an jingina diga a jikin tebur ɗinta. Ko kallon digar Mma ba ta yi ba.

Ladan na gyaran murya zai kira la'asar, tsinin ƙarfe ya huda bangon rami na biyu. Ko tukunya ɗaya ba a sauke ba.

Alidu ya sosa ƙeya, ya miƙo kwano. "Mma, a sa mini da ƙwai."

"Ɗauke digarka tukuna. Sannan ka bi layi."

Darasi: Kafin ka rushe wurin cin abincin wani, tambayi wanda ya daɗe a wurin, ya san abin da takardarka ba ta sani ba. Ku tura wa masu girman kai na gidanku. Kuma ku faɗi inda kuka samo, kun cika kwashe mini labari ba ko godiya.