Gizo da Tasalla Kurma Mai Ɗaga Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata yarinya ce ana kiranta Tasalla. Tun tana goye zazzaɓi ya tafi da jinta, ta tashi kurma, da hannu take magana. Sauran yara na gaɗa, ita tana bayan gida tana ɗaga taɓarya. Daga taɓarya ta koma turmi, daga turmi ta koma dutsen niƙa, safe da yamma, shekara da shekaru, har damatsanta suka yi curi-curi kamar an dunƙula dawo.

Labari ya kai birni. Masu talabijin suka zo da kayan ɗaukar hotonsu, suka sa gasar ƙarfi a dandali duk ranar kasuwa. Tasalla ta ja igiya da Ɓauna, ta kayar da ita. Ta ɗaga gungumen da ya gagari Kura. Kafin kaka, babu gidan da ba a san fuskarta ba.

To, a da Gizo ake zagayewa a dandalin nan, a sha ƙarya a yi dariya. Yanzu in ya buɗe baki sai a ce ya matsa, ya tare wa mutane kallo. Abinci ya daina shigarsa. Kullum yana yi wa matarsa Ƙoƙi mita, wai yaya wadda ba ta taɓa furta kalma ba za ta fi shi suna, shi mai baki.

Ranar kasuwa ta farko ya zuga Biri maroƙi ya zage ta maimakon kirari. Tasalla ta karanta leɓen Biri sarai. Ta juya masa baya, ta ɗaga dutsenta, aka tafa.

Ta biyu ya yaudari Giwa ta sauya dutsen da wanda ya ninka shi. Tasalla ta taɓa, ta ji ba nata ba ne. Ta gwada, ya ƙi. Ta sake, ya kai gwiwa. A na uku ta kai shi bisa kai. Sunanta ya ƙara nisa.

Gizo ya koma gida yana huci. Can ya ce wa Ƙoƙi ya gano asirin, ƙarfin nan a kunne yake, duk wanda ba ya ji zai iya. Ƙoƙi ta ce, “Malam, ka taɓa ɗaga ko tulu?” Bai kula ta ba. Ya samo kakin zuma ya toshe kunnuwansa tam.

Ranar ta uku ya shiga fili, ya ce Giwa ta ɗora masa dutsen a ka. “Yau za ku ga ƙayfi,” in ji shi. Kun san harshen Gizo.

Giwa ta riƙe dutsen a samansa, ta tambaya ko ta saki. Gizo bai ji ba, yana ta gyaɗa wa masu ɗaukar hoto kai. Giwa ta ɗauka amsa ce. Ta saki.

Ƙoƙi ta ƙwalla ƙara. Tasalla tana gefe ta ba da baya, ba ta ji ba, amma tafin ƙafarta ya ji ƙasa ta girgiza. Ta waiwaya, ta ga ƙafafu takwas na shure-shure. Ta ruga ta ɗage dutsen, ta jawo Gizo da sauran numfashi. Ta ga kakin, ta zaro shi. Sai ta buɗe masa tafukan hannunta, duk sun yi kanta, sun yi tauri kamar ƙirgi. Gizo ya duba nasa, sumul. Ya sunkuyar da kai.

Duk ƙasar ta kalli abin a talabijin. Tasalla ta yi ta gasa har ta tsufa, ta koma koyar da 'yan mata. Gizo kuwa kunya ta hana shi tsayawa gaban akwatin talabijin. Shi ya sa in kun leƙa bayan talabijin, za ku tarar da shi ya yi saƙa ya ɓuya.

Don haka in kun ga wani ya fi ku, ku tambayi wahalar da ya sha, kada ku tsaya ƙyashinsa.

Nan ta tsaya, ƙungurus kan kusu.