Inda Ruwan Soron Sarki Zai Zuba

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai gidajen ƙasa, mutum ne mai son sanin kan kowane abu har yakan gajiyar da mutane. In ya wuce maƙera sai ya ja linzami ya tambayi abin da ke sa ƙarfe ya yi ja kafin ya yi fari. In ya ga masaƙi sai ya sauka ya leƙa ƙarƙashin masaƙa. Fadawansa kuwa, kun san halinsu, ko tambaya ya yi musu sai su ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," abin da ni har yau ban ga amfaninsa ba.

Ana nan sai zauren da yake zaman shari'a ya tsufa, azara ta soma kuka, ya ƙudura gina sabo. A birnin kuwa akwai wani dattijo, Gwani Tanimu, wanda ƙarfinsa ya ƙare ya bar hawa katanga, ya zauna yana koyar da gini. Ƙa'idarsa ita ce ɗalibi ba ya ɗora tubali a gidan kowa sai an yaye shi, ba a kuma yaye shi sai ya ƙera ginin da yumɓu, ɗan ƙarami a kan allon katako, Gwani ya duba ya yarda. Da sarki ya ji haka abin ya burge shi, ya aiki Waziri ya ce ɗaliban su ƙera masa zaure, wanda nasa ya fi shi zai gina.

Cikin ɗaliban akwai Sallau. Hannunsa ya fi na kowa, amma sa'o'insa duk an yaye su, har waɗanda shi ya koya wa kwaɓa ƙasa sun zama masu gidan kansu, shi kuwa furfura ta soma leƙowa a gemunsa ana kiransa ɗalibi. Ya riga ya rantse wa kansa, in wannan karon ma ba a yaye shi ba, ya bar sana'ar ke nan.

Ranar da aka jera allunan a ƙofar fada, sarki ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tsugunawa yana leƙa 'yan ƙofofin da ido ɗaya. Da ya zo kan na Sallau sai ya kasa gaba. Tulluwa, wato ƙubbar soro, ta zauna daram a tsakiya, bakan gizon da ke riƙe rufi ya lanƙwashe kamar ba hannu ne ya yi shi ba, ga zankwaye sun miƙe a kowace kusurwa.

Sarki ya ce, "Wannan nake so. Ya Gwani, yaye shi yau, gobe ya soma."

Gwani ya ce, "Ya sarki, ba zan yaye shi a kan wannan ba."

Waziri ya zabura. "Kai tsoho, kana jin wanda ke magana kuwa?"

"Ina ji, Waziri. Gwiwa ce ta tsufa, kunne na nan."

Sarki bai fusata ba, ya ma gyara zama, don ya sami abin tambaya. Ya ce, "Katangar ce ba ta da kauri?"

"Tana da shi."

"Bakan gizon ne ya karkace?"

"Ko ni da ƙuruciyata ban lanƙwasa kamarsa ba."

"To me ya rage?"

"Maƙwabta, ya sarki."

Sarki ya yi dariya. "Ai ban ce a gina mini maƙwabta ba."

"Ba gina su ake yi ba, ranka ya daɗe, samunsu ake yi."

Sarki ya ce, "Nuna mini da ido. In ban ga aibi ba, ni zan yaye shi da bakina, ko ka so ko ka ƙi."

Gwani ya sa aka kawo yumɓu, ya ce wa Sallau, "Ɗana, ƙera mana abin da ke kewaye da filin nan, yadda yake." Sallau ya durƙusa, ya ƙera masallaci a dama, rumfunan masu hatsi a hagu, a baya kuma 'yan gidajen wani lungu na masu saƙar tabarma, manne da juna. Bai tambayi kowa ba, don ta lungun yake bi kullum.

Sai Gwani ya cika shantali da ruwa ya miƙa wa sarki. "Ya sarki, yau kai ne hadari. Zuba a kan soronka."

Sarki ya karɓa da murna kamar an ba shi abin wasa, ya tsiyaya. Ruwa ya gangaro daga tulluwa, ya bi rufi, ya nemi indararo. Indararon kuwa, waɗanda Sallau ya yi da sillen kara, duk baya suka kalla. Ruwan ya feso kan 'yan gidajen lungu, na farko ya zauna, na biyu ya kwanta a kan na uku, kafin shantali ya kai rabi lungun ya koma taɓo. Zauren sarki na tsaye, gabansa a bushe ƙayau.

Sarki ya ɗaga shantali ya ce, "A'a, Gwani, da sake. Nawa ya bushe an shafe shi, waɗannan kuwa ɗanyen yumɓu ne."

"Haka suke a waje, ya sarki. Naka za a shafe shi da makuba mai hana ruwa shiga duk shekara, nasu da abin da ya samu."

Nan fa fuskar sarki ta canza. Ya juya kan Sallau ya daka masa tsawa. "Kai! Zauren shari'a na ce ka yi mini, ko abin rushe talakawana? Wa ya sa ka juya musu ruwa?"

Sallau ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, Waziri ne ya ce kada ɗigo ɗaya ya sauka ta gaba, inda sarki ke sauka daga doki."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba daga kaina na ƙago ba. Daminar bara, ranar da tsohon indararo ya jiƙa maka alkyabba, kai ka ce in aka sake gini kada ka ƙara ganin irinsa a gabanka."

Sarki ya tuna. Magana ce ta fushi da ya yar a bakin ƙofa ya wuce, ashe wani ya tsince ta ya adana, har ta zama gini.

Can ya ce, "Ashe laifin ba na ɗalibin ba ne."

Gwani ya ce, "Yana da nasa. An gaya masa inda ba a son ruwa, bai tambayi inda za shi ba, alhali ya san masu lungun da sunayensu."

Sarki ya ce, "To a juya indararon dama."

"Masallaci, ya sarki."

"Hagu."

"Hatsin mutane."

"A toshe su gaba ɗaya!"

"Sai ruwa ya kwana a kan soro, soro kuma ya kwana a kan mai shari'a."

Sarki ya ce, "To ina za shi? Faɗa mini, ya Gwani, wallahi ina son in sani."

Gwani ya ce, "Ba ni ake jarrabawa ba yau." Ya tura allon gaban Sallau.

Sallau ya daɗe yana kallon allon. Ya dubi Waziri, ya dubi dogarai. Sannan ya sa yatsu ya zare sillen karan ɗaya bayan ɗaya, ya kafa su ta gaba, daidai kan masaukin sarki. Ya ja kwata da farce, ta ratsa tsakiyar filin fada ta nufi kududdufi.

Waziri ya ce, "Kai, ka haukace ne?"

Sarki ya ɗaga masa hannu, ya ɗauki shantali ya zuba sauran ruwan. Ya sunkuya yana kallo, ruwa ya zubo ta gaba, ya bi kwata ya fita, bai taɓa kowa ba.

Ya sa yatsa a wurin da ya jiƙe. "Nan nake sauka."

Sallau ya ce, "Nan ne, ranka ya daɗe."

"Zan jiƙe ke nan."

"Za ka jiƙe." Sallau bai janye ba. "Sai dai kai in ka shiga gida za ka sauya alkyabba. Su ba su da ɗakin sauyawa."

Kowa a fada na jiran a ce a kama shi. Gwani Tanimu bai jira ba. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ɗebi ƙasa a dunƙule ya danƙa a tafin Sallau, ya ce, "Je ka yi gini, magini. Na yaye ka." Sallau ya riƙe ƙasar nan da hannu biyu, hawaye na sauka a gemunsa.

Sarki ya ajiye shantali ya ce, "A gina shi haka. Ya Gwani, na daɗe ina tambayar malamai mene ne adalci, ashe yana nan a bakin indararo. Kowa ya ɗauki ruwan rufinsa, wanda rufinsa ya fi faɗi kuma shi zai fara jiƙewa."