Kwalbar Ruwan Malam Ɗayyabu

An yi wani mutum a wani gari, kuma kada wani ya tare ni bayan an tashi ya ce sai na faɗa masa sunan garin, don ba zan faɗa ba. Shi dai sunansa Malam Ɗayyabu. Ba malamin littafi ba ne, ba likita ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani babban asibiti, irin mutanen nan da ake kai wa jininka da majinarka a kwalba, su duba su rubuto takarda, kai kuwa har ka warke ba ka san kamanninsu ba. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

To, ku saurara da kyau. Akwai wata cuta ta ƙasashe masu zafi irin namu, ba kasafai ake ganinta ba. Likitoci suna da wani dogon suna da suke kiranta da shi, ni harshena ba zai ɗauka ba. Ƙwayar cuta ce take shiga hanci ta yi zamanta shekara da shekaru, hanci ya toshe, tsoka ta yi tauri, abin ya gangara maƙogwaro, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya. A ido, kamar ciwon daji take. Sai dai ita magani ake sha na wasu watanni a warke, shi kuwa ciwon daji in aka yi masa jinkiri, kun san sauran.

Asibitin nan suna da wata na'ura mai rarrabe ta da ciwon daji. Tambarin halittar ƙwayar cutar take nema, ko ɗan mitsitsi ne, ta yi ta ninka shi har ya fito fili. Amfaninta ke nan, haɗarinta ma ke nan, don in ɓurɓushin cutar ya faɗo daga wani wuri, shi ma ninka shi za ta yi. Shi ya sa kullum kwalba uku ake sa mata. Ta farko ta mara lafiya. Ta biyu wadda aka san tabbas akwai cutar a ciki, don a gane na'ura tana aiki. Ta uku ruwa ne zalla. Ruwan nan dole ya fito ba komai. In ya nuna cuta, aikin ya gurɓace, duk zubarwa ake yi.

Ana nan sai aka kawo wani dattijo daga ƙauye, Ladan Mamuda. Shekara talatin yana kiran salla, yanzu ko sallama sai an matso kusa ake ji. Likitar maƙogwaro, Dakta Zuwaira, ta yanko 'yar tsoka daga wuyansa ta ciki ta aika ɗakin gwaji. Tsoho ya sha wuya, kwana uku ko kunu da ƙyar yake wucewa. Ya ce wannan yanka shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Malam Ɗayyabu ya yi aikinsa, na'ura ta gama. Ya duba kwalbar Ladan, ta nuna cutar nan mai jin magani. Ya yi hamdala, don har ga Allah ya tausaya wa tsohon. Ya duba ta biyu, daidai. Ya duba ta uku. Ruwa ma ya nuna cuta.

Nan take ya tuna. A watan nan safar hannu ta yi ƙaranci, kwali ɗaya aka ba su. Shi kuma mutum ne mai tattalin kayan aiki, ko auduga ba ya yarwa banza. Da ya buɗe kwalba ta biyu, mai cutar, ƙa'ida ce ya cire safar ya sa sabuwa. Ya dube ta fes, ya ga asara ce a jefar. Da ita ya taɓa ruwan, da ita ya taɓa ta Ladan, kuma 'yar tsokar duk ta ƙare a aikin.

Jama'a, ku dubi inda bawan Allahn nan ya tsinci kansa. Shi kaɗai ne a ɗakin. Takardar da zai cika, gurbin sakamakon mara lafiya kawai gare ta, ba mai tambayar ruwa. Dakta ta leƙo sau biyu, har ta riga ta kwantar wa Ladan da hankali cewa in Allah Ya yarda mai jin maganin ce. Zuciya ta ce masa, ai duk alamu sun nuna ita ce, rubuta kawai, me za ka ja wa tsoho wani yankan? Kun san yadda take yi, ba ta taɓa ce maka ka yi mugunta, tausayi take kawo maka.

Ya daɗe zaune da biro a hannu. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: in ba ita ba ce fa? Tsoho ya koma ƙauye ya yi wata shida yana haɗiyar magani, wani abu daban yana cin maƙogwaronsa. Sai ya ajiye biron, ya nufi ofishin Dakta.

"Ranki ya daɗe, gwajin Baba Ladan ya lalace, kuma ni na lalata shi. Ban canja safar hannu ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce shekara goma sha tara, a ce safar hannu ce za ta kayar da shi? Ta ce za ta rubuta wa hukumar asibiti, kuma shi da bakinsa zai je ya gaya wa tsohon. Bai kawo uzuri ba, ko zancen ƙarancin safar bai ɗauko ba. Ya ce to.

Ya tarar da Ladan a gado yana jan carbi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa komai, ya nemi gafara. Tsoho ya dube shi, ya yi magana da 'yar muryar da ta rage.

"Da ka ga ruwan, wa yake wurin?"

"Ba kowa, Baba."

Ladan ya juya fuskarsa bango. Malam Ɗayyabu ya koma gida ransa ba daɗi, tuwo ma kasa ci ya yi. Washegari sai ga saƙo daga ɗakin marasa lafiya, tsoho ya ce a sake yankan.

Aka sake. Wannan karon ruwa ya fito fes, ta biyu ta nuna, ta Ladan kuwa babu ko alamar ƙwayar. Da aka bincika tsokar ta wata hanyar, ashe ciwon daji ne, bai kai ga yaɗuwa ba. Aka yi masa aiki aka cire. Ya rayu, amma muryar kiran salla ta tafi ke nan. Shi kuwa Malam Ɗayyabu, kada ku ɗauka an ba shi lambar yabo. Takardar gargaɗi aka sa masa a fayil, tana nan har ya yi ritaya.

Ranar da aka sallami Ladan, ya ce a kai shi ɗakin gwaji. Ya riƙe hannun Malam Ɗayyabu, ya jawo shi kusa, don yanzu sai raɗa.

"Ɗana, ka san abin da ya sa na yarda? Wata shekara da azumi na makara. Na fito na ga alfijir ya riga ya keto, mutane suna ta sahur, ni suke jira. Na kira salla kamar ba komai. Ba wanda ya gani, ni ma ban faɗa ba. Shekara ashirin ke nan abin yana cina. Kai ka faɗi naka."

Malam Ɗayyabu ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa.

To, 'yan'uwa, ba kuskure ne yake halaka mutum ba, binne shi ne. Kowa a nan yana da tasa kwalbar ruwan da shi kaɗai yake gani. Kai magini, ka san ginshiƙin da simintinsa bai ji ba. Kai makaniki, ka san notin birkin da ka manta ba ka ɗaure ba. Ke mai abincin sayarwa, kin san miyar da ta kwana ta juya. Mai kayan bai sani ba, ya amince maka ya tafi, Allah kuwa Yana kallo. Ka je ka faɗa tun gyara yana yiwuwa, ko za a zage ka. Kunyar yini ɗaya ce, shirun kuwa ka ji shekarun da Ladan ya yi yana ɗauke da nasa. Allah Ya ba mu ikon cewa "ni ne na yi", kafin ranar da gaɓoɓinmu za su faɗa a madadinmu.