Ƙofar da Zanzaro Ya Ƙi Sayarwa

An yi wata Gafiya a gindin wani tsohon gawo, wadda duk dajin ba mai iya ciniki kamarta. In ta taya kaya, sai mai kayan ya yi gumi kafin su rabu. Ta san da haka kuwa, shi ya sa take tafiya hanci a sama.

Maƙwabciyarta Bushiya ce, mai taurin kai, ba ta yarda da sabon abu ko da kyauta ne. Akwai kuma Zanzaro magini, mai siririn ƙugu da sanyin murya. Tunda ake, ba wanda ya taɓa jin ya yi musu.

A lokacin kowane rami da ƙofarsa ta dutse. Sau ɗaya kake saya wurin Kunkuru masassaƙi, ta zama taka, in ka mutu 'ya'yanka su gada. Ta Gafiya mijinta ne ya saya kafin ya rasu. Tana da nauyi, ta ɗan karkace, kullum sai an sa kafaɗa.

Wata rana da tsakar rana, iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi, sai Gafiya ta ji sallama a hankali. Ta leƙo, ga Zanzaro tsaye da wata ƙofa ta laka, sumul kamar ƙwai.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ce mata ta buɗe."

"Buɗe," in ji Gafiya, tana yatsina.

Ƙofa ta buɗe da kanta, ko ƙara babu. Sai dai wani ɗan amo da ke fitowa daga cikin lakar, zuuu, kamar ana rarrashin jariri a nesa.

Zuciyar Gafiya ta biya, amma ta haɗe rai. Mai iya ciniki ba ya nuna so.

"Wannan tarkacen, nawa?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Dasa ta nake yi. Duk tsayuwar wata sai a ba ta tsutsa biyar, ta ci gaba da aiki."

"A ba ta? Ƙofa ce ko mai jego? Biyar! Kai mai ƙugun allura, ka san da wa kake magana? Ɗaya."

Ta gyara tsayuwa tana jiran ya ce albarka, don ta tanadi maganganun da za su kai su la'asar.

"Na sallama," in ji Zanzaro.

Gashin bakin Gafiya ya motsa. Tunda take, ba a taɓa sallama mata a tayin farko ba. Uwarta ma ta sha gaya mata, mai kayan da bai ce albarka ba, a dube shi sau biyu. Amma daɗin nasara ya rufe mata ido.

"To, gyara fa? Ni ba a ciniki da ni babu gyara."

Zanzaro ya dubi tsohuwar ƙofar dutsen, ya daɗe yana dubanta.

"Gyaranki shi ne in ɗauke miki wannan nauyin, kada ya tare miki hanya. Ba sai kin biya dako ba."

Gafiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ga ƙofa a araha, ga ɗan dako kyauta!

Bushiya ta fito tana kakkaɓe ƙasa daga ƙayoyinta.

"Ke uwar wayo, ina ake kai ƙofar marigayi?"

"Inda ake kai tsofaffin kaya. Saura ke."

"Wannan lakar taki ce?"

"A bakin ramina take, ta wa za ta zama?"

"Na ce taki ce? In kin ga dama za ki iya ciro ta ki ba wani?"

"Ji baƙin ciki! Daga biyar na sauko da shi ɗaya, 'yar ƙaya. Je ki ci gaba da ture dutse har bayanki ya ƙarasa lanƙwashewa."

"Kin tayo farashi, ba ki tayo ƙofa ba," in ji Bushiya. Ta shige, ta ja dutsenta, gurrr.

Damina ta yi kyau, tsutsa ko'ina. Ƙofa kuwa ta yi aiki, ba ƙarya. Ruwa bai shiga ba. Ran da maciji ya zo, ya yi ta zagaye har ya gaji ya tafi. Dabbobi suka ce, ai abin da Gafiya ta yarda da shi ba cuta a ciki. Kurege ya dasa, Ɓera ya dasa, layi gaba ɗaya ya dasa. Duwatsun kuwa dangin Zanzaro suka mirgina su ɗaya bayan ɗaya cikin tafki mai zurfi. Kunkuru ya ga ba mai neman sassaƙa, ya tattara kayan aikinsa ya bar dajin.

Duk wata Zanzaro na zuwa da tsakar rana. Ya karɓi tsutsa, ya cusa ta cikin wata 'yar kafa a jikin ƙofar, ya shafe da laka, sannan ya ƙara wani yaɓe.

"Wa ya sa ka ƙari?" in ji Gafiya.

"Gyara nake yi, ranki ya daɗe. Don lafiyarki ne."

Ƙofa ta yi ta kauri, mashiga tana ƙanƙancewa. Daga ciki wasu ƙulle-ƙulle suka fito a jikinta kamar ƙuraje. Ran nan Gafiya ta kara kunne a kan ɗaya, ta ji abu ya juya a ciki. Ta ja da baya. Ba ta gaya wa kowa ba, kada Bushiya ta ji.

Da kaka ta wuce Zanzaro ya ce, "Daga wannan wata, uku ne."

"Uku? Ɗaya muka yi da kai!"

"Haka ne. Ƙofar ce ta girma. In ba ki so, sai in cire kayana, ba faɗa."

Gafiya ta buɗe baki za ta ce cire, sai ta tuna dutsenta yana ƙasan tafki, Kunkuru ya yi nisa, gyaɗar shekara guda tana jibge a ciki, maciji kuma bai ƙaura ba. Ta haɗiye maganar. Ta ba da uku.

Rani ya shigo. Ganye ya bushe, tsutsa ta ɓace. Wata ya tsaya, kwana biyu Gafiya tana tone-tone ba ta samu ko ɗaya ba. Ta ce bari ta je wurin Kurege ko yana da saura.

Ta isa, ba ta gane gidan ba. Inda ƙofa take an shafe shi sumul, ba layi, ba kafa, kamar ba a taɓa rami a wurin ba. Ta matsa gidan Ɓera, shi ma haka. Rana tsaka, ba tsuntsu ko ɗaya, sai amon nan, zuuu, daga bango zuwa bango.

"Cin rani suka tafi," ta gaya wa kanta.

Ta ƙwanƙwasa bangon Kurege. Daga can ciki aka amsa da ɗan karce, sau biyu.

Gafiya ta zuba a guje zuwa gida. "Buɗe!" Ƙofa ta buɗe da sauri kamar dama jira take. Ta faɗa ciki tana haki, ta fara cusa gyaɗa a kumatu don ta gudu da abin da ta iya.

Ta juyo. "Buɗe."

Ƙofa ba ta motsa ba.

"Na ce buɗe! Gidana ne!"

Ɗan hasken da ke shigowa ta gefen ƙofa ya fara raguwa. Wani na shafa laka daga waje, a hankali, ba gaggawa.

"Malam Zanzaro!" Yau ya zama malam. "Tsaya mu yi magana. Rabin gyaɗata."

"Albarka," in ji muryar mai sanyi.

Kalmar da Gafiya ta jira tun damina, sai yau ta zo.

"Duka! Har da kwandunan!"

"Albarka, ranki ya daɗe. 'Ya'yana ba sa cin gyaɗa."

"To me suke ci?"

Ya ci gaba da yaɓe. Haske ya ƙarasa ɗaukewa. A jikin ƙofa ƙulli ɗaya ya ce ƙas, na kusa da shi ma ya ce ƙas.

Gafiya ta ruga ƙarshen rami, ta hau dukan bangon da ya raba ta da maƙwabciyarta.

"Yaya Bushiya! Yaya!"

"Yau ni ce yaya?" aka amsa daga ɗaya gefen. "Ba 'yar ƙaya ba? Tona ta nan, shashasha, tun ɗazu nake tono!"

Suka haɗu a tsakiya. Bushiya ta fisgo ta ta kafar, sannan ta dunƙule ta toshe wurin da ƙayoyinta, tana ihu, "Turo ƙasa! Turo, kada ki tsaya lissafin gyaɗa!" Suka cike kafar, suka daddanne.

A ranar suka tono Kurege, ya rame ya zama ƙashi da fata. Da suka fasa gidan Ɓera ta baya, ba su tarar da kowa ba. An share shi tas, ko gashi ɗaya babu.

Gafiya ta ƙare rani a kusurwar ramin Bushiya, tana cin abin da aka sam mata. Ita ce mai ture dutse safe da yamma, ba ta kuma taɓa cewa yana da nauyi ba. Gidanta na nan kusa, gyaɗarta na ciki, amon yana fita.

Duk tsayuwar wata kuwa, da tsakar rana, Zanzaro kan sauka a kan dutsen Bushiya. Ba ya talla. Sai ya bi wata 'yar tsaga da ke jikin dutsen da ƙafarsa, ya auna ta.

"Ta ƙaru kaɗan, Iya," yakan ce. "Ni ba na sauri."

Darasin wannan labari shi ne, yara, kafin ku tambayi nawa, ku tambayi na wa. Ina jin kuna gardama a kan kwamfutocinku, wai ko wata rana manhajar nan da ke tashin na'ura, wadda in babu ita akwati ne kawai, za ta koma ta biyan wata-wata. Ni ban yi boko ba, amma ciniki ba a koya mini. Abin da za a iya rufe maka ran da hannunka ya bushe, ba naka ba ne, ko da a tsakar ɗakinka yake, ko da hotunanka da takardunka ne a ciki. In an kawo muku irinsa da araha, ku duba me za a ɗauke muku a matsayin gyara. Ku ajiye kayanku inda hannunku zai kai ba da izinin kowa ba, kada kuma ku bari a jefa tsohon dutsenku a tafki.